Ƙanena ya sayi takardar gwajin jini ta ƙarya, biki saura mako biyar

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce a Kano, shekarata 36, 'ya'yana huɗu. Mu biyar Hajiyarmu ta haifa, ni ce babba. Biyu sun rasu: ɗaya tun yana goye, ɗayar kuma ita ce mai bi mini, sikila ce, ta cika tana da shekara 19, kanta a kan cinyata. Bayan rasuwarta mahaifinmu ya kwashe mu duka ya kai mu gwaji. Ni AA na fito, wato ba ni da ƙwayar sikila, ƙanwata AS, wato tana ɗauke da ƙwayar amma ba ta da ciwon, autanmu ma AS. Shi ma Baban Allah ya yi masa rasuwa shekara shida ke nan, takardunsa duk suna wajena, har da na gwajin nan.

Autan namu shi kaɗai ne namijin da ya rage mana, shekararsa 29, zai yi aure nan da mako biyar. An kai lefe, an buga kati, an fitar da anko. Shekara huɗu suna tare da yarinyar, ta jira shi ya gama hidimar ƙasa ya sami aiki, manema nawa ta kora saboda shi. Wallahi yarinyar kirki ce, ni kaina ina sonta. Da aka zo gwajin kafin aure ita ta fito AS, shi kuma ya kai wa mahaifinta takarda mai AA. Da na ji, na kira shi na ajiye masa tsohuwar takardar a gabansa. Ya yi shiru, can sai ya fashe da kuka, ya ce kuɗi ya ba wani a ɗakin gwaji ya rubuta masa. Ya ce, "Yaya, yiwuwar mu haifi sikila kashi 25 ne fa kawai cikin ɗari, 75 namu ne. Kuma ciwo da lafiya na Allah ne. In kika faɗa kin kashe ni, kuma ba ni ba ke har abada."

Na gaya wa Hajiya. Tana fama da hawan jini, kuma tun rasuwar Baba ban ga walwalarta ba sai da maganar bikin nan ta taso. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in rufa wa ɗan'uwana asiri, Allah zai tsare. Maigidana kuwa cewa ya yi mu mata mun fiye sa zuciya a komai, in ajiye tausayi gefe in yi aiki da hankali, in kira mahaifin yarinyar a yau, in ba zan iya ba shi zai kira.

Kwana tara ke nan ba na barci. In na rufe ido marigayiya nake gani tana murƙususu tana kiran ƙafarta. In na buɗe, ƙanena nake gani yana kuka. Anti, wanne zan bi, hankali ko zuciya?

Daga 'yarki mai neman mafita.

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku da 'yan'uwanki, ya sa jinyar da marigayiya ta sha ta zama kaffara, ke kuma ya ba ki ladan zaman da kika yi da ita.

Yadda kika jera maganar, kamar an ja layi ne a tsakar gida: maigidanki da hankali a gefe guda, Hajiya da autanku da zuciya a ɗaya gefen, ke a tsakiya kowa yana jan hannunki. Sake duba wasiƙar taki. Wa ya zo miki da lissafi, kashi kaza cikin ɗari? Ƙanenki ne, wanda kika ajiye a ɓangaren zuciya. Me ya hana ki barci kwana tara, yake ingiza ki ki faɗi gaskiya? Fuskar marigayiya. Ashe kowane ɓangare da irin nasa hankalin da irin tasa zuciyar. In na ce miki bi wannan ko bi wancan ban taimake ki da komai ba, don kowanne kika kama zai iya kai ki ga yin shiru, zai kuma iya kai ki ga magana. Sai mun zazzage su a faifai mun tsince.

Mu fara da lissafin autanku, tunda shi ya zo da rigar ilimi. Gaskiya ne, idan AS ya auri AS, ɗa ɗaya cikin huɗu ake sa ran ya zo SS, wato sikila, biyu AS, ɗaya AA. Abin da ya tsallake shi ne, wannan rabon na kowane ciki ne, kowanne da nasa. Ki ɗauki ƙwarya ki zuba goro huɗu, ɗaya mai tsutsa. Duk cikin da matarsa ta ɗauka za a rufe ido a sa hannu a zaro ɗaya, sannan a mayar da shi cikin ƙwaryar kafin ciki na gaba. Ƙwaryar ba ta tuna abin da aka zaro bara. Shi ya sa za ki ga gida mai 'ya'ya biyar babu sikila ko ɗaya, maƙwabtansu kuma uku a jere. In suka haifi huɗu kamar ke, yiwuwar duka huɗun su kuɓuta kashi 32 ne cikin ɗari. In shida ne, wanda ba abin mamaki ba ne a wajenmu, ya sauko kusan 18. Wato kashi 75 ɗin da yake taƙama da shi na wanda zai haihu sau ɗaya ne ya tsaya. Ki tambaye shi ko haka suka shirya da yarinyar. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haifar jarirai masu sikila kimanin 150,000 duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Mafi yawansu iyayensu ba su san komai ba sai da ciwo ya bayyana. Autanku kam ya sani. A gidansu aka zaro goron nan, ya ga yadda yake. Wanda ya rasu yana goye kuma, Allah kaɗai ya san abin da ya ɗauke shi.

Kuskuren lissafin ma bai dame ni kamar wani abu ba. Da ya yarda da lissafin nasa, me ya kai shi biyan kuɗi a rubuta masa ƙarya? Ai da sai ya ɗauki 75 ɗinsa ya je ya baje wa yarinyar da mahaifinta, ya ce ga yadda abin yake, ku amince. Bai yi ba, don ya san amsar da zai samu, ko aƙalla yana tsoronta. Abin da ya faru da shi yana faruwa da ni da ke: rai ya riga ya yanke cewa "ba zan iya rasa ta ba", sannan ya ɗauko hankali haya ya zama lauyansa, ya ce nemo mini hujja. Hankali kuwa ma'aikaci ne mai biyayya, abin da aka aike shi zai kawo. Hanyar gane irin wannan hujjar ta haya ba ta da wuya: ba a iya faɗinta a gaban wanda abin ya shafa. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Nawwas ɗan Sam'an cewa zunubi shi ne abin da yake kai-kawo a ƙirjinka, kuma kake ƙin mutane su gano shi. Duka biyun sun haɗu a kan ƙanenki, kukansa shaida ne.

Maganar cewa ciwo da lafiya na Allah ne, babu Musulmin da zai musa. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, an ce masa ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Abin sha'awa, kalmar Larabcin da aka yi amfani da ita wajen ɗaurewar, tushensu ɗaya da kalmar da muka aro muka mayar da ita "hankali". Hankali dabaibayi ne tun asalinsa. To ko da a ce autanku ya zaɓi ya saki raƙumarsa, ai tasa zai saki. Nan ta wata ya je ya kwance cikin dare, yana cewa Allah zai tsare.

Yanzu maigidanki. A kan cewa dole gaskiya ta isa gidan yarinyar, ina tare da shi. A kan cewa ki ajiye zuciya gefe kuwa, ki gaishe shi ki ce Anti ta ce a'a. Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Fotugal da ke aiki a Amurka, Antonio Damasio, wanda ya daɗe yana duba marasa lafiyar da suka sami lahani a gaban ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi sama da idanu. Basirarsu tana nan, ba su manta komai ba, in aka ba su lissafi za su yi. Abin da ya dushe musu shi ne ji a rai: abin tsoro ba ya tsorata su, abin tausayi ba ya taɓa su. Bisa ra'ayin maigidanki, ai waɗannan ne ya kamata su fi kowa iya yanke shawara. Sai aka ga akasin haka. Ɗaya daga cikinsu, bayan an cire masa ƙari a kai, aikinsa ya tafi, dukiyarsa ta tafi, aurensa ya mutu, duk saboda zaɓin banza da yake yi. Wani marar lafiyar kuma, likitan ya ba shi rana biyu ya zaɓi wadda zai dawo asibiti, ya kwashe kusan rabin awa yana jera amfanin wannan da illar waccan, ya kasa tsayawa a kan ɗaya. A 1994 likitan ya fitar da wannan bayani. Hankali ya iya awo, amma sai an gaya masa abin da yake da nauyi.

Lamba 25 a takarda ba ta da zafi. Ke kika san zafinta. Kin san daren hunturu da ciwon yake tashi, kin san yawon neman wanda zai ba da jini, kin san idon da ya koma rawaya, da zangon karatun da yake wucewa mutum yana kwance, da yadda uwa take tsufa a kan tabarmar asibiti. Maigidanki bai kwana a wajen ba. Wannan abin da kike gani in kin rufe ido sani ne, kuma a duk masu maganar nan babu wanda ya fi ki shi sai Hajiya. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Hajji aya ta 46, zukata ya ambata a matsayin abin da ake hankalta da su. Wabisa ɗan Ma'abad kuma da ya zo tambaya a kan alheri da zunubi, ce masa aka yi ya nemi fatawar zuciyarsa, ko da mutane sun ba shi fatawa. Hajiya ta ba ki fatawar yin shiru, kin kwana tara zuciyarki ta ƙi karɓa.

Sai dai zuciya tana da aibinta, kuma a nan ne zan ɗan matsa miki. Gajeren gani gare ta. Wanda yake kuka a gabanta take gani, wanda yake bayan katanga ba ta san da shi ba. Tausayin Hajiya tausayi ne na gaske, ba na raina shi: mace ta binne miji da 'ya'ya biyu, ga ɗa namiji ɗaya, tana son ta ga ɗakinsa kafin ta bar duniya. Amma tausayin nata ya tsaya a bakin ƙofar gidanku. Ke ma ki duba wasiƙarki. Ƙanenki ya yi magana a ciki, Hajiya ta yi, maigidanki ya yi. Yarinyar fa? Layi uku kika ba ta, kuma ba ta ce uffan ba, don ba ta san ana yi ba. Tana can tana gwada ɗinki. Ita za ta ɗauki cikin, ita za ta goya, ita za ta kwana a zaune, kuma in abin ya yi tsanani, kin san ƙasarmu, namiji yana da hanyar ƙara aure, ita ina za ta? Akwai kuma wanda ko layi ɗaya bai samu ba, wato yaron da ba a haifa ba. Aikin hankali a nan shi ne ya buɗe ƙofa ya shigo da waɗannan biyun, ya zaunar da su kusa da ƙanenki, sannan ya ce wa zuciyarki, to yanzu ji tausayi. Ki juya abin: cikin 'ya'yanki huɗu a ce ɗaya ce amaryar, yayar ango tana riƙe da takardar gaskiya a akwati, ta zo ta ci shinkafar biki ta yi guɗa. Ranar da kika gano, wane suna za ki kira ta da shi? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ki lura, ban ce auren AS da AS haramun ne ba. Wannan na malamai ne, kuma ba shi ne a gabanki ba. Abin da yake gabanki algus ne. Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, yatsunsa suka ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce masa, me ya sa ba ka ɗora jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Wannan a kan hatsi ke nan, ina ga aure. Mahaifin yarinyar bai bar abin a duhu ba, ya tambaya, ya nemi takarda. Gwamnatin Kano ma tun watan Mayun 2024 ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin nan kafin a ɗaura aure. An tambaya, an amsa da ƙarya.

Rufin asirin da Hajiya take nema kuma yana da muhallinsa. Ana rufa wa mutum asiri a kan laifin da ya wuce, wanda cutarsa ta tsaya a kansa. Wanda ake shirin yi, wanda zai faɗa kan wani, ba ya shiga ciki. Fatima 'yar Ƙaisu ta je wa Annabi (SAW) da maganar mutum biyu da suke nemanta, bai ɓoye mata ba: ya ce Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Dukansu sahabbansa ne, amma hakkin mai neman sani ya rinjaya. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta ce a tsaya da adalci ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi na kusa, kuma ta ce kada a bi son zuciya. Hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar, gaskiyar Hajiya ce. Amma ba a kuma naɗe shi da tsumma a ce ya warke, wanke shi ake yi ko da mai hannun zai yi ihu.

Ga wani abu da nake jin ko shi autan bai hango ba, kuma ina so ya zama cikin abin da za ki fara gaya masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa ƙarshensa ya fi farkonsa muni. Jaririn da ya zo da sikila yakan yi watanninsa na farko lafiya lau, sai wajen wata biyar zuwa shida alamu su fara, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. Za a kai shi asibiti, a gwada, a ce SS ne. Duk wanda ya yi sakandare ya san uba AA ba ya haifar ɗa SS. To takarda tana hannun surukinsa ta ce shi AA ne. Wa za a kalla? Yarinyar nan da ta jira shi shekara huɗu, ita za a fara yi wa kallon ina ta samo ɗan. Ranar nan zaɓi biyu zai rage masa: ya fito ya ce ni na yi ƙarya, a lokacin da ga yaro kwance, ko ya yi shiru ya bar ƙazafi a kan matarsa. Ki tambaye shi wanne ya tanada.

Saura yadda za a yi, kuma a nan ne zuciyar da aka ce ki ajiye za ta yi miki aikin da maigidanki ba zai iya ba. Kada ki bari ya kira mahaifin yarinyar. An hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, shi kuwa daga jin maganarsa a hasale yake. Kiran waya daga surukin gida zai mayar da abin tonon silili, ƙanenki ya zama maƙaryaci a bakin unguwa biyu, yarinyar ta ji labarin rayuwarta daga bakin wasu. Gaskiyar za ta isa, amma ta fasa duk abin da ta tarar a hanya. Wanda ya kamata ya kai ta shi ne wanda ya ɓoye ta. In daga bakinsa ta fito, ya rage masa abin da zai riƙe kansa da shi gobe.

Don haka ki ba shi wa'adi, kuma gajere. Mako ɗaya ya isa, kada ya wuce, don kowace rana ana ƙara kashe kuɗi, ana ƙara gayyato mutane, janyewa tana ƙara wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin makon nan ku je tare a sake gwada shi a babban asibiti, ita ma daga baya a sake nata, don ɗakunan gwaji suna yin kuskure, kuma ba a rushe shekara huɗu a kan takarda ɗaya. Kada dai ki ɗora rai a kan hakan, tunda shi kansa da ya je gwajin ya ga abin da ya sa ya biya. Ki sa baffanku a ciki, ko duk wanda zai karɓa masa auren, don shi ne zai zauna gaban waliyyin yarinyar ranar ɗaurin aure, bai kamata a sa shi shaidar abin da bai sani ba. Hajiya kuma ki bi ta a hankali, ki tabbata tana shan maganinta, kada ki yi mata musu a kan ƙaddara. Ki tuna mata dai daren da kuka yi tare a asibiti, ki tambaye ta ko za ta so wata uwar ta yi irinsa ta dalilin ɗanta. Ina kyautata zaton abin da bakinta ya faɗa daban, abin da ta sani daban.

In wa'adin ya cika ya ƙi, to ke da baffanku ku aika wa mahaifin yarinyar, ta bakin dattijo ɗaya mai riƙe magana. Abin da za a ce kaɗan ne: muna da dalilin shakkar sakamakon da aka kawo muku, muna roƙon a sake gwajin a asibitin da kuka zaɓa, a gaban wakilinku. In ya tambaya dalili, a faɗa masa gaskiya, shi kaɗai. Ban da tura hoton takarda a WhatsApp, ban da gaya wa ƙawa, ban da zauren dangi. Ga jama'a kuma, "gwaji bai yi daidai ba" ya wadatar, magana ce da kowa ya saba ji yanzu, kuma babu ƙarya a cikinta. Shi kuwa wanda yake sayar da sakamako a ɗakin gwaji, in ƙura ta lafa a kai maganarsa inda ya dace, don ba ƙanenki ne na farko ba a wajensa.

Zai yiwu yarinyar ta ji komai ta ce ita dai tana so. Wannan hakkinta ne da iyayenta, ba naki ba, ba nawa ba. In an zo nan, a ɗaga bikin, su zauna da likitan jini ya yi musu bayani dalla-dalla, ita kuma a bar ta ta yi tunani ba tare da kati da anko suna hura mata wuta ba. Su san cewa yau ana kula da masu sikila fiye da zamanin marigayiya, akwai magungunan da suke rage tashin ciwon, akwai masu sikila da suka yi digiri suka yi aure suka haihu, kuma ba wanda ya isa ya ce rayuwarsu ba rayuwa ba ce. Su kuma san cewa dashen ɓargo, wanda yake iya raba mutum da ciwon, kuɗinsa miliyoyi ne masu yawa, sai an sami wanda ɓargonsa ya dace da na mai ciwon, kuma yana da nasa haɗarin. In ni aka tambaya, ba zan ba su shawarar su yi ba. Na ga soyayyar da ta fi tasu zafi ta ƙare a layin karɓar jini, miji da mata kowa yana kallon ɗan'uwansa a matsayin sanadi. Amma in sun yi da idonsu a buɗe, ke kin fita, sai ki yi musu addu'a ki kuma shirya taya su.

Ba zan yi miki alƙawarin ƙanenki zai gode miki ba. Zai iya daina gaishe ki shekara, zai iya fi. Hajiya za ta iya yin fushi, dangi su ce ke kika raba. Wannan kuɗin da za ki biya ne, ki san da shi tun yanzu don kada ya zo miki ba zato. In ya yanke, ke kada ki yanke: ki ci gaba da aika masa abincin salla, ki ci gaba da kiransa ko bai ɗauka ba. Yaron nan shekara huɗu na rayuwarsa yake shirin binnewa, makoki zai yi, kuma mai makoki ba a riƙe maganarsa.

Gobe in Allah ya kai mu, ki kira shi gidanki lokacin da yara suka tafi Islamiyya, maigidan ba ya nan. Ki dafa abin da yake so, ki bari ya ci ya ƙoshi. Kada ki fara da takarda, ya riga ya gan ta. Ki fara da marigayiya, ki tambaye shi abin da yake tunawa na jinyarta, don yana yaro lokacin, wataƙila an riƙa kore shi daga ɗakin. Ki ba shi labarin abin da bai gani ba. Sannan ki kawo masa ƙwaryar goron, sannan maganar ranar da za a kalli matarsa. In ya sake cewa kin kashe shi, ki ce masa ranar Juma'a mai zuwa za a je gidan su yarinyar, kina so ya zama shi ne a gaba, ke da Baffa kuna bayansa.